Zuriyar Malam Bilali a Amurka: daga Risala zuwa gumbar sadaka

Makon jiya muna karatun babin alwala a Risala bayan Magariba, sai wani ɗalibi ya tambaye ni ko wannan littafi ya taɓa kaiwa Amurka. Na ce masa ya kai, tun shekaru ɗari biyu da suka wuce, a cikin ƙirjin wani bawa. Shi ne na ga ya dace in rubuta muku tarihin mutumin da na zuriyarsa, domin akwai abin lura a ciki.

Sunansa Bilali Muhammad. An haife shi wajajen 1770 a garin Timbo na ƙasar Futa Jallo, a Gini ta yau, garin malamai da almajirai. Yana saurayi aka kama shi aka sayar. Aka fara kai shi tsibiran Bahamas, daga nan, a farkon shekarun 1800, ya faɗa hannun wani Bature mai suna Thomas Spalding, mai gonakin auduga da rake a tsibirin Sapelo, jihar Jojiya. Da Baturen ya ga hankalinsa da iya lissafinsa, sai ya ɗora shi kan ɗaruruwan bayi.

Abu biyu ake yawan tunawa da shi a kansu. Lokacin yaƙin Amurka da Ingila da aka fara a 1812, ubangidansa ya raba wa bayi bindigogi don tsaron tsibirin, Bilali ne jagoransu. Sannan a 1824, da wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku, shi ya tattara jama'a cikin gine-gine masu ƙarfi, rayuka da yawa suka tsira. Duk cikin wannan hali bai yar da addininsa ba. Yana da Alƙur'aninsa da buzunsa da carbinsa, yana azumi, yana fuskantar gabas ya yi salla. Ya rasu wajajen 1857, kuma ruwayar zuriyarsa ita ce an rufe shi tare da Alƙur'anin da buzun. Allah Ya jiƙansa.

Ya bar rubutu da hannunsa, shafi 13 cikin Larabci. Turawa suka daɗe suna zaton labarin rayuwarsa ne, don babu mai iya karantawa. Sai wani masanin harsuna, Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano, ya nuna shi ga malaman Hausa. Da farko suka ce wannan aikin aljanu ne, saboda harufan sun cakuɗe, an sa wani a gurbin wani. Da aka zauna aka bi shi a hankali, sai ga kiran salla, ga alwala, ga sallar asuba. A 1940 Greenberg ya bayyana cewa guntaye ne daga Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani. Wasu masana daga baya suka ce ba kwafin Risala ba ne kai tsaye, Bilali ne ya harhaɗa abin da ya haddace na fiƙihun Malikiyya. Ko ma wanne ne, ku dubi lamarin: mutum, shekaru da yawa rabonsa da malaminsa, ba littafin da zai duba, yana zaro karatun ƙuruciya daga ka yana sa wa a takarda. Rubutun yana nan ajiye a Jami'ar Jojiya har yau.

To, mu gangaro ga ƴaƴansa. An kiyaye sunayen ƴaƴansa mata bakwai: Margaret, Hester, Charlotte, Fatima, Yoruba, Madina da Bintu. Sunayen kaɗai sun isa labari, uku na Turawa, sauran na gida. Waɗannan mata sun tashi a gaban mahaifinsu, sun riƙe abin da suka gani. Mun san haka ne domin a ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta tura marubuta su ɗauki bayanan tsofaffi, aka buga su a 1940 cikin littafin Drums and Shadows. A ciki wata tsohuwa, Katie Brown, jikar Margaret, wato tattaɓa-kunnen Bilali, ta ba da labarin cewa Bilali da matarsa suna jan carbi, suna kula da lokutan addu'a sosai, kuma kakarta tana yafa farin mayafi a ka. Wani dattijo, Shad Hall, jikan Hester, shi ma ya tuna kakarsa da carbinta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. Katie ta ce kakarta takan jiƙa shinkafa ta kwana, ta daka a turmi, ta sa zuma ko sukari, ta mulmula da hannu, ta tara yara ta raba musu. Sunan abin a bakinsu "saraka". Jama'a, wannan ai gumbar sadaka ce, irin wadda iyayenmu mata ke rabawa a ƙofar gida. Kalmar ta haye teku, harafi ɗaya kawai ya sauya. Amma a wurin jikokin, saraka sunan wani abin zaƙi ne da kaka ke yi. Ma'anar ta ɓace, ɗanɗanon ya saura.

Me ya jawo haka? Kada mu yi gaggawar zargin kowa. Dokar Jojiya ta hana a koya wa bawa karatu da rubutu. Babu makarantar allo, babu masallaci, babu baƙon malami da zai ratso. Bawa ba shi da iko da lokacinsa, ballantana na ɗansa. Da aka soke bauta a 1865, abin da ya tara ƴantattun bayi wuri ɗaya, ya zama majalisarsu, shi ne coci, kuma a 1866 aka kafa cocin Baptis na farko na baƙar fata a tsibirin. Zuriyar Bilali suka zama Kirista. Duk da haka ragowar tsohon abu bai gushe ba: suna fuskantar gabas wajen addu'a, maza gefe mata gefe a coci, suna rufe mamaci yana duban gabas.

Mai ba da wannan bayani na ƙarshe ita ce Cornelia Walker Bailey, wadda aka haifa a tsibirin a 1945, ta rasu a 2017. Salsalarta ta bi ta kan Bintu ta kai ga Bilali. A zamaninta gwagwarmayar ta koma ta ƙasa. Wani attajirin taba, Richard Reynolds, ya sayi mafi yawan tsibirin a 1934, daga baya aka tashi ƙauyukan baƙar fata aka haɗe su a wuri ɗaya, Hog Hammock. Cornelia ta ƙare rayuwarta tana kare wannan ƙauye daga masu kuɗi da hauhawar haraji. Ta ziyarci Saliyo a 1989, ta wallafa tarihin danginta a 2000, ta sa sunan Bilali a bakin duniya.

Ku lissafa da ni. Bilali ya san hukuncin alwala har ya rubuta. Ƴaƴansa sun yi ibada ba su rubuta ba. Jikokin ƴaƴansa sun tuna an yi, ba su san me ake cewa ba. Su dole aka yi musu. Mu fa? Ƴaƴanmu na lakkwal da safe, wasu ƙannenmu na ƙasashen waje suna haihuwa a can, ba wanda ya hana mu allo ko littafi. Kowa ya tambayi kansa: ɗana zai iya jero farillan alwala ba da littafi ba? Ya san sunan kakan kakansa da garin da ya fito?

Ina roƙon kowane ɗalibi, kafin fitowa ta gaba, ya zauna da tsohon gidansu ya rubuta salsalarsu iyakar inda aka sani, da wanda ya yi karatu da inda ya yi. Inda aka tsaya a tsaya, kada a ƙara suna don neman daraja. Ku kawo mini in gani.

Allah Ya gafarta wa Malam Bilali da dukkan Musulmin da suka rasu cikin ƙangin bauta, Ya shiryi zuriyarsu da tamu. Wassalamu alaikum.