Dinari Ɗari Biyar da Dinari Hamsin: Gafara, Godiya da Adalcin Kai a Bisharar Luka

Idan mai wa'azi ya tashi yaƙar girman kai, godiya ce maganin da ya fi saurin miƙa wa jama'a. Hujjarsa ita ce, wanda ya san duk abin da ke hannunsa kyauta ce ba zai ɗaga hanci ba. Akwai gaskiya a maganar, amma da saura. A Bisharar Luka an kawo mutumin da ya buɗe addu'arsa da gode wa Allah, ya tashi bai sami karɓuwa ba. An kuma kawo matar da ba a ji ta furta ko kalma ɗaya ba, amma aka sallame ta da gafara da salama. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, a koyarwar Kirista adalcin kai yakan shigo ne sanye da rigar godiya, kuma hanyar gane shi ita ce a duba ko mai godiyar yana bukatar wani mai zunubi a gefensa kafin godiyar tasa ta yi masa daɗi.

Labarin matar yana sura ta 7, aya ta 36 zuwa 50. Wani Bafarisiye mai suna Siman ya gayyaci Yesu cin abinci. A irin wannan liyafa a wancan zamani kishingiɗa ake yi, a dogara da gwiwar hannu, ƙafafu na miƙe ta baya, abin da ya sa matar ta iya isa ga ƙafafun baƙon ba tare da ta ratsa tsakiyar taro ba. Ta zo da tulun man ƙanshi, ta jiƙe ƙafafunsa da hawaye, ta goge da gashin kanta, ta sumbace su, ta shafa musu man. Luka bai faɗi sunanta ba, bai kuma faɗi irin zunubinta ba. Ya ce kawai an san ta a garin da zunubi. Fafaroma Giregori Babba ne, a wani wa'azi na wajen shekarar 591, ya haɗa ta da Maryamu Magadaliya, aka yi ƙarni da ƙarni ana ɗauka haka a ikkilisiyar Yamma, har Cocin Katolika ya raba su a gyaran kalandarsa na 1969. Nassin kansa ya bar ta ba suna, kuma ina ganin hakan ya fi mata adalci.

Siman bai kore ta ba, bai kuma zage ta ba. Cikin ransa ya yi maganar, kuma hukuncin nasa biyu ne a haɗe: matar mai zunubi ce, baƙon kuma da annabi ne da ya san wadda ke taɓa shi. Amsar da ya samu misali ne gajere ƙwarai. Mutum biyu ana bin su bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya dinari 50, duka biyun ba su da abin biya, mai kuɗin ya yafe musu. Sai aka tambayi Siman wanda zai fi ƙaunar mai kuɗin, ya amsa cewa a ganinsa wanda aka yafe wa mai yawa ne.

Dinari ɗaya ladan yinin ɗan ƙodago ne, kamar yadda misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20 ya nuna. Ke nan bashin farko ya haura aikin shekara ɗaya da rabi, na biyun kuwa bai wuce na wata biyu ba. Bambancin ninki goma ne, kuma a kansa idon mai karatu yake fara sauka. Sai dai ƙashin bayan misalin yana wurin da mutanen biyu suka yi daidai, wato rashin abin biya. Mai hamsin ɗin ma a tsiyace yake. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da wuya a sami karin maganar da ta fi wannan dacewa da abin da Manzo Bulus ya shimfiɗa a Romawa 3, inda ya sa Bayahude da Ba'al'umme a layi ɗaya gaban Allah. Kalmar Girkancin da Luka ya yi amfani da ita wajen yafe bashin ta fito ne daga saiwar karis, wadda Littafi Mai Tsarki na Hausa yake fassarawa da alheri. Daga wannan saiwa kuma kalmar Girkanci ta godiya ta tsiro. A harshen Sabon Alkawari, kyautar da yafewar da godiyar 'yan ɗaki ɗaya ne.

Aya ta 47 ce ta fi wahalar da masu tafsiri. A nan aka haɗa gafarar zunubanta masu yawa da yawan ƙaunarta, da wata 'yar kalmar Girkanci, hoti, mai iya ɗaukar ma'ana biyu. Tana iya nuna sanadi, wato an gafarta mata saboda ta yi ƙauna. Tana kuma iya nuna shaida, kamar yadda mutum zai ce an yi ruwa da dare, don ga ƙasa a jiƙe. Jiƙewar ƙasa ba ita ta kawo ruwan ba, alamarsa ce. Bayan 1517 wannan aya ta zama ɗaya daga cikin wuraren da masanan Katolika da mabiya Martin Luta suka ja daga, domin a ƙarƙashinta akwai babbar tambayar zamanin: mene ne rabon ƙaunar mutum da ayyukansa a cikin kuɓutarsa? Ni dai ina tare da karatu na biyu, kuma dalilina a cikin surar yake. A misalin, yafewa ce ta riga, ƙauna ta biyo baya, kuma ƙarshen ayar ya maimaita wannan jeri, inda ya danganta ƙarancin ƙauna da ƙarancin abin da aka yafe. In aka juya jerin, misalin ya zama ba shi da alaƙa da abin da aka kawo shi ya bayyana. Yau ma tazarar ta ragu sosai. A sanarwar haɗin gwiwa da aka sa wa hannu a birnin Augsburg na Jamus ranar 31 ga Oktoba 1999, Cocin Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya sun amince tare cewa da alheri kaɗai Allah yake karɓar mutum, kuma ayyukan kirki suna biyo bayan karɓar ne.

To amma wa ke da bashin hamsin? Idan aka ɗauki misalin a gurguje, sai a ce Siman mutumin kirki ne mai ɗan laifi kaɗan, don haka ƙaunarsa ba za ta taɓa kai ta matar ba. Daga nan wani zai zarce ya ce, ashe gara mutum ya lalace tukuna don ya iya ƙaunar Allah da kyau. Bulus ya toshe wannan ƙofa a farkon Romawa 6. Amsar da ta fi gamsar da ni kuwa ta Agustin ce, bishof ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. A littafinsa na furci, wanda ya rubuta wajen shekarar 397 zuwa 400, bayan ya ba da labarin satar 'ya'yan itace da ya yi da abokansa yana ɗan shekara 16, ya ce har miyagun abubuwan da bai aikata ba, alherin Allah ne ya tsare shi daga gare su. Likitan da ya warkar da majiyyaci shi ne ya hana lafiyayye kwanciya. Bisa wannan fahimta, yaron da ya tashi a gidan tarbiyya, bai taɓa sanin yunwar da ke tura mutum sata ba, bai haɗu da abokan banza ba, bashinsa bai gaza na tubabben ɗan fashi ba. An biya masa ne tun kafin ya sani. Hamsin ɗin Siman lissafin da ya yi wa kansa ne. Shi ya sa Yesu ya jero masa abubuwa uku da ya tauye wa baƙonsa, ruwan wanke ƙafa da sumbar maraba da man shafawa a kai, bayan ya tambaye shi ko yana ganin matar. Tun shigowarta yake kallonta, sunan da gari ya sa mata kawai ya gani.

Sura ta 18 ta Luka ce ta kai maganar inda ta fi zafi. Mutum biyu sun hau Haikali yin addu'a, Bafarisiye da mai karɓar haraji. Ya kamata a yi wa Bafarisiyen adalci, domin babu inda nassin ya ce ƙarya yake yi. Yana azumi sau biyu a mako, alhali Attaura azumin Ranar Kafara kaɗai ta wajabta a shekara. Majiyoyin farko sun nuna Litinin da Alhamis ne ranakun. Yana fitar da ushirin duk abin da ya samu. Ba ya ƙwace, ba ya zina. Bai ma ce da ƙarfinsa ya kai wannan matsayi ba, Allah ya gode wa. In da kalmomi ake aunawa, tauhidinsa ya fi na Felajiyus, malamin da majalisar Kartaj ta 418 ta yi watsi da koyarwarsa saboda ya bai wa ƙoƙarin ɗan Adam wuri fiye da kima. Inda addu'ar ta karye shi ne abin da aka gode a kansa: cewa shi ba kamar sauran mutane yake ba, musamman wancan na tsaye can nesa. Cire mai karɓar harajin daga Haikali, rabin addu'ar ya zube. Shi kuwa mai harajin, wanda jama'a ke ƙi saboda yana tara wa masu mulki kuɗi yana kuma cin nasa a kai, bai san da wani a wurin ba. Ya kasa ɗaga ido, yana bugun ƙirji, yana roƙon jinƙai, kuma shi aka ce ya koma gida kuɓutacce.

Akwai rami a bakin wannan misali da masu karatu da yawa suka faɗa. Mutum ya gama karantawa, ya yi ajiyar zuciya, ya gode wa Allah da bai yi shi Bafarisiye ba, ya maimaita addu'ar da aka soka ke nan kalma da kalma. Tarihin ikkilisiya ya faɗa ramin da mummunar faɗuwa, inda aka mayar da sunan Farisiyawa zagi, aka kuma shafa wa Yahudawa baki ɗaya, har ya zama itacen hura wutar ƙiyayya a Turai. Farisiyawa mutane ne da suka ɗauki bin Allah da gaske a harkokin yau da kullum, kuma Luka kansa ya nuna wasunsu suna gargaɗin Yesu game da Hirudus a sura ta 13. Ya ma faɗi waɗanda aka yi misalin dominsu: masu amincewa da adalcin kansu suna raina saura. Irin waɗannan ba su da ƙabila ko ɗarika. Laifi tudu ne, mai hango na wani a kan nasa yake tsaye.

Wani zai ce, idan gafara kyauta ce haka, me zai hana mutum ya karɓa ya koma gidan jiya? Tambayar tana da nauyi. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Nazi ta rataye a watan Afrilu 1945, ya yi kakkausan gargaɗi a littafinsa na 1937 kan almajiranci game da alheri mai arha, gafarar da ake shelarta ba tare da tuba ba. Bishara ba ta bar wannan giɓi a buɗe ba. A Matiyu 18 an yafe wa wani bawa talanti 10,000, kuma talanti ɗaya dinari 6,000 ne, bashin da ko jikokinsa ba za su biya ba. Fitarsa ke da wuya ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa bawa a kan dinari 100, sai aka dawo masa da nasa bashin. Ma'aunin da aka sa masa shi ne yadda ya yi da wanda ke ƙasa da shi. Haka kuma Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, a Luka 19: bayan Yesu ya sauka gidansa ne ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Gafarar Allah ba ta cinye haƙƙin waɗanda aka cuta ba, ita ce ma ta buɗe aljihun azzalumin. Katekizim ɗin Heidelberg na 1563 ya bi wannan jeri a tsarinsa: kashi na farko halin ƙuncin mutum, na biyu ceto, na uku godiya, kuma a ƙarƙashin godiyar ne ya yi bayanin Dokoki Goma da addu'a.

Wannan magana ta shafi majami'un da ake sujada da Hausa kai tsaye, domin abubuwa biyu da muka riƙe da muhimmanci suna zaune a ɗaki ɗaya: baikon godiya da horon ikkilisiya. A ranar Lahadi guda ana iya ganin iyali sun fito gaba da rawa da kayan amfanin gona suna godiya, a bencin baya kuma ga yarinyar da aka sa ƙarƙashin horo saboda cikin da ta yi ba aure, sau da yawa ita kaɗai, wanda ya yi cikin ba a ga ƙeyarsa ba. Ban ce a soke horo ba. Bulus da kansa ya umarce shi a 1 Korantiyawa 5. Amma shi ne kuma a 2 Korantiyawa 2 ya roƙi ikkilisiya ta yafe wa wanda aka hora ta ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Abin da ke damuna shi ne uwar da ke waiwayar bencin nan tana gode wa Allah da 'yarta ba ta zama haka ba, da dattijon da ke jin tsarkin majami'arsa ya ƙaru saboda akwai wadda aka ware. Agustin ya shafe shekaru yana jayayya da mabiya Donatus a Arewacin Afirka a kan irin wannan tunani, mutanen da suka ƙi amincewa da limaman da ake zargi sun miƙa littattafai masu tsarki lokacin tsanantawar da ta fara a 303, suna son ikkilisiyar tsarkaka zalla.

Luka bai gaya mana abin da Siman ya yi ba. An sallami matar, sauran baƙin suka shiga tambayar junansu wane ne wannan da har yake gafarta zunubi, mai gidan kuwa ba a sake jin bakinsa ba. Haka ya yi da babban wa a sura ta 15, wanda ya ƙi shiga bikin dawowar ƙanensa yana lissafa shekarun da ya yi yana bauta: labarin ya tsaya uban yana waje tare da shi yana lallashinsa, ba a faɗi ko ya shiga ba.