Daga Gyaɗa Zuwa Waken Samaru: Wa Ke Tsaron Kwanon Awo a Watari?

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu ƙaramar hukumar Bagwai, bakin madatsar ruwa ta Watari da aka gina a ƙarshen shekarun 1970. Yanki ne da gonaki ke manne da juna, iyakarsu layin gamba ko lalle. Da damina gero da dawa da wake, da rani shinkafa da tumatir da masara. Daga nan muke so mu duba muhawarar irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ake kira GMO, domin mun ga yadda ake ta rubuce-rubuce a kai babu suna babu shekara.

Manomin Kano bai taɓa gudun sabon iri ba. Masara da gyaɗa da tumatir duk baƙi ne, asalinsu daga nahiyar Amurka. Da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano a 1912, auduga Turawa suka so a noma musu, amma kakanninmu suka yi lissafinsu suka zaɓi gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗa. Da cutar gyaɗa ta 1975 ta cinye gonaki, da yawa suka karkata ga wake. Daga baya irin da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar ya shigo, ya zauna kusa da Kanannado da Ɗan Ila. Hanyar karɓar duk waɗannan guda ce: mutum ya gani a gonar maƙwabci, ya roƙi kwano ɗaya, ya gwada a gefen gona, in ya yi kyau ya ajiye iri. Gani ya kori ji. Idon manomi shi ne hukuma.

Irin GMO ya zo da abin da ido ba ya iya rabewa. A Disambar 2019 aka amince da sakin waken SAMPEA 20-T, wanda masanan Samaru suka samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, kuma a Kano aka ƙaddamar da shi ga manoma a Yunin 2021. An sa masa wani sashe daga ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bt, wanda ke kashe tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. Masu irin sun ce manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas zai koma sau biyu. Duk wanda ya taɓa goya tankin feshi a rana ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kafin waken an saki auduga a 2018, bayansa kuma masarar TELA a Janairun 2024. Sai dai in aka zuba wannan wake a kwano kusa da farin wake na gida, babu mai awon da zai ce ga wannan ga wancan.

Tunda ido ya gaza, dole wani ya tsaya a madadinsa. Domin haka aka kafa hukumar NBMA a 2015, da dokar da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ita ke ba da izinin gwaji da saki, kuma ƙa'ida ta tanadi a sanya shaida a jikin kayan don mai saye ya san abin da ya saya. To, ina za a manna shaida a jikin ƙosai ko alala? Waken da ya bar Bagwai a buhun da aka taɓa zuba taki, ya shiga kasuwar Dawanau, aka gauraya shi da na Bichi da na Maraɗi, wa zai bi sawunsa? An rubuta ƙa'idar kamar don kantin zamani, mu kuma da kwano muke ciniki.

Masu suka, irin su Nnimmo Bassey na ƙungiyar HOMEF, sun daɗe suna nuna wani giɓin: hukumar da aka ɗora wa yaɗa wannan fasaha, wadda a da ake kira NABDA, tana da kujera a majalisar gudanarwar hukumar da ke sa mata ido. A Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike. A ɗaya gefen, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abincin GMO da ke kasuwannin duniya ya tsallake gwajin lafiya, ba a kuma nuna ya cutar da masu cinsa ba. Adalci ne mu kawo duka biyun.

Me ya sa maganar hukuma ba ta kwantar wa Bakano hankali? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Rashin sa ido ya cuce mu, tsoron da ya haifa ya sake cutar mu.

Ko a harkar waken kanta mun ga haka. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari, wato fiya-fiyar da ake zuba wa buhu. Wannan babu ruwansa da GMO, kuma a gabanmu ake yi. Hukumar da ta kasa hana dafin da hanci ke shinshinawa, da wane ƙarfi za ta bi abin da sai an je ɗakin gwaji?

Maƙwabtanmu ma suna da darasi. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, ta bar ta a 2016 domin tsawon zarenta ya ragu, darajarta ta faɗi a kasuwa. Ba wanda ya kwanta asibiti, aljihu ne ya ji. A Watari ma tambayoyin aljihu ne a gaba. Wake yana barbarar kansa, manomi zai iya ajiye iri. Masarar TELA kuwa 'yar aure ce, sai an sake saye duk shekara in ana son yabanya mai kyau. Sannan iska na kwasar bununin masara zuwa gonar da ke kusa, kuma layin gamba ba ya tare iska. Wanda ke adana irin kakansa, wa zai kai wa ƙara?

Saboda haka, 'yan'uwa, mu guji rubuta cewa irin nan yana hana haihuwa ko yana kashe ƙasa alhali ba mu da hujja, mu kuma guji kwafo takardar talla mu kira ta bincike. Wanda ke kusa ya je Bagwai ya zauna da manoma, ya tambayi malamin gona, ya tambayi mai sayar da iri ko ya san abin da ke cikin ledarsa, ya rubuta amsar yadda ya ji ta, da rana da wuri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a.