Taba sigari: Illolinta da hanyoyin dainawa a gaɓar Tafkin Kainji

A garuruwan masunta na Yauri, Ngaski da Shanga, iyalai da dama na shaƙar hayaƙin itacen bandar kifi. Idan aka ƙara da na sigari, huhu ne ke ɗaukar nauyin duka biyun.

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu na haddasa ciwon daji. Yana kuma janyo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, har da mata da yaran da hayaƙin wani kawai suke shaƙa.

A Najeriya, dokar taba ta 2015 ta haramta sayar da ita kara-kara, ko sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Sinadarin nikotin ne ke sa dainawa wahala. Abubuwan da ke taimakawa sun haɗa da tsayar da ranar bari, sanar da iyali, ƙaurace wa zaman mashaya da neman shawarar ma'aikacin lafiya. Azumin Ramadan ma dama ce. Shekara guda bayan dainawa, haɗarin ciwon zuciya kan ragu da kusan rabi.