TALLAFIN KUƊI DA RAYUWAR TALAKA A KARKARA: DARASI DAGA ƘASAR GWIWA DA MAƘWABTANTA

Gabatarwa

Ƙasar Gwiwa tana cikin masarautar Kazaure, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, kan iyaka da Jihar Katsina. Yawancin jama'arta manoma ne da makiyaya, masu dogara da gero da dawa da wake da gyaɗa. A shekarun baya-bayan nan hukumomi sun ɗauki wata dabara ta yaƙi da talauci, watau ba talaka tsabar kuɗi a hannunsa. Domin a gane abin da wannan kuɗi yake yi a cikin gida, wajibi ne a fara duba yadda kuɗi ya shiga rayuwar manomi tun asali.

Lokacin da Kuɗi ke Fita daga Gida

Tun kafin zuwan Turawa jama'a suna da hanyoyin agaza wa juna: zakka da sadaka, gayya, gudummawar biki, da rancen hatsi. Yawancin wannan taimako da dami ake yinsa, ko da ƙarfin jiki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, En'e kuma ta riƙa karɓar haraji da jangali da kuɗin Turawa. Daga nan ya zama tilas kowane magidanci ya nemo tsaba da kaka, daidai lokacin da amfanin gona ya fi araha.

Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972, ya bayyana tarkon da ƙaramin manomi ke faɗawa. Yakan sayar da hatsinsa da arha da kaka don biyan haraji da bashi. Kafin tsakiyar damina rumbu ya ƙare, sai ya sayi hatsin da tsada. Don ya sami kuɗin awo sai ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. Baɗi amfaninsa ya ƙara raguwa. Wannan shi ne halin da farin 1972 zuwa 1974 ya tarar da talakawa da yawa a ciki.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikinta a lokacin. An sauke wa talaka kaya, amma gibin damina yana nan inda yake.

Lokacin da Kuɗi ya Fara Shigowa

Dabarar biyan iyalai matalauta kuɗi a kai a kai ta yi suna ne a ƙasar Meziko daga 1997, sannan a Barazil daga 2003. A Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu alawus na Naira 7,000 a wata a 2007, a ƙananan hukumomi 27 na jihar.

Gwajin da ya fi ba da haske shi ne shirin tallafin raya yara da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013 zuwa 2019. An gudanar da shi a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, da Anka da Tsafe a Zamfara, wuraren da rayuwarsu ta yi kama da ta Gwiwa. Ana ba mace mai juna biyu Naira 3,500 kowane wata har yaron ya cika shekara 2, daga baya aka ƙara zuwa 4,000, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Da masu bincike suka gwada ƙauyukan da aka fara biya da waɗanda ba a kai gare su ba tukuna, sai suka tarar tsumburewar yara ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100. Mafi yawan kuɗin abinci aka saya da shi. Bugu da ƙari, mata da yawa sun kama sana'ar cikin gida, sun sayi awaki da tumaki.

Abin lura a nan shi ne, kuɗin ba shi da yawa. Ƙarfinsa yana ga abubuwa uku: yana zuwa kowane wata, an san ranar da zai ƙare, kuma yana shiga hannun uwar gida. Macen da ta tabbata wata mai zuwa akwai wani, tana iya shiga adashi, mai shago ya yarda ya ba ta bashi, ta sayi 'yar akuya ba tare da tsoron sayar da ita gobe ba. Akuyar nan ita ce asusun gidan ranar da yaro ya kwanta da zazzaɓi.

Shirin Gwamnatin Tarayya

A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara shirin biyan gidaje mafiya talauci Naira 5,000 a wata, ana haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu. An tallafa wa shirin da rancen Bankin Duniya na Dala miliyan 500, da kuma Dala miliyan 322 da ƙasar Suwizalan ta maido daga kuɗin marigayi Janar Sani Abacha. Jigawa tana cikin jihohin da suka amfana, kuma hakan ya dace, domin ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen jihar suna ƙasa da ma'aunin talauci.

Sai dai shirin ya gamu da cikas. Na farko, biyan kuɗi yakan yi jinkiri, har a tara bashin watanni. Kuɗin da bai zo da damina ba, bai hana magidanci tafiya ƙwadago ba. Na biyu, hauhawar farashi ta cinye darajarsa: Naira 5,000 da ta kai kimanin Dala 16 a 2017 ba ta wuce Dala 4 ba a 2024. Na uku, inda kusan kowa mabukaci ne, zaɓen wasu a bar wasu yakan haifar da ƙorafi da zargin son kai a kan masu unguwanni da jami'an rajista.

Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin Bola Tinubu ta yi shelar biyan gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata har wata uku. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shirin na wani lokaci saboda binciken zargin almundahana. Sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki kuwa ya fi yi wa matan ƙauye nauyi, su da banki ya fi yi wa nisa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa tallafin kuɗi ba ya gina rijiya ko asibiti, ba ya kuma maye gurbin taki da hanya. Abin da yake iyawa shi ne toshe gibin da ke tsakanin ƙarewar rumbu da fitowar sabon gero, gibin da ya daɗe yana mai da ƙaramin manomi ɗan ƙwadago. Ba zai iya yin haka ba sai in yana zuwa a kan kari. Saboda haka ma'aikacin da aka ɗora wa irin wannan aiki a Gwiwa, ko Roni, ko Babura, ya kamata ya auna nasararsa da tambayoyi uku: shin kuɗin ya iso kafin watan Yuli da Agusta, hannun wa ya shiga, kuma mudu nawa na gero ya saya a kasuwa ranar da aka biya shi?