Insulin da ƙurjin da ya biyo shi tun 1922

A makon nan za mu leƙa tarihin allurar masu ciwon suga, ta ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba, wato fatar da ake hudawa.

A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka samar da insulin a birnin Toronto na Kanada. Ranar 11 ga Janairun 1922 aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa, wani yaro mai shekara 14, Leonard Thompson. Sugan ya ɗan sauka, amma wurin ya yi ƙurji don maganin bai tacu ba. Sai da James Collip ya ƙara tace shi, aka maimaita ranar 23 ga watan, sannan yaron ya farfaɗo. Daga nan masu ciwon suka shekara da shekaru suna tafasa sirinjin gilashi a gida, kafin na roba ya zo.

A 1978 John Pickup da Harry Keen na asibitin Guy's da ke Landan suka gwada wata ƙaramar na'ura mai tura insulin dare da rana ta siririn bututu da ke zaune ƙarƙashin fata. An huta da yawan suka, amma ƙofa ta zauna a buɗe. Ƙwayar Staphylococcus, wadda take zaune a fatarmu da hancinmu muna lafiya ƙalau, sai ta bi ramin ta manne wa bututun, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi mai kare ta. Shi ya sa ake canja bututun duk kwana 2 zuwa 3. Kuma na'urar insulin mai saurin aiki kawai take turawa. In wurin ya yi mugunya magani ya daina shiga, cikin awoyi mutum zai iya galabaita.

Mu a Roni na'urar nan sai dai labari, sirinji muka sani. Amma ƙwayar ita ce dai. Muna lallaɓa kwalbar magani a gindin randa kada zafin Afrilu ya lalata ta, hakan daidai ne, sai kuma mu soka allura ɗaya har ta dakushe, a wuri guda, kan fata mai zufa. Tsada ce ke jawo haka, ba ganganci ba. Matsalar ita ce suga in ya hau yana raunana garkuwar jiki, marurun da wani zai warke cikin mako sai ya kai mai suga asibitin Kazaure, wani lokacin har Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.