Usulus Siyasa da Gadon Dallaje: Tarbiyyar Shugaba a Ƙasar Katsina

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, idan ya wuce Sheme da 'Yankara, ba da jimawa ba zai kusanci 'Yandoto, tsohon garin malamai da a da yake ƙarƙashin Katsina. A farkon jihadi malaman garin suka ƙi amsa kiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, har Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi. Daga nan al'amarin jama'a ya yi ƙarfi a ƙasar Katsina, birnin ya faɗa hannunsu wajen 1807, sarautar kuma ta tabbata ga Malam Umarun Dallaje, ɗaya daga cikin masu tuta uku, tare da Umarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji.

Sai dai cin gari daban, riƙon jama'a daban. Mutanen da suka tashi a zauren karatu sun wayi gari da haraji da alƙalanci da kasuwanni da tsaron iyaka a wuyansu. Hanyar da shugabannin Sakkwato suka bi wajen cike wannan giɓi ita ce wadda suka fi sani, wato rubutu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Diya'ul Hukkam a Kano bisa roƙon mutanenta, Bello ya rubuta wa Yakubun Bauchi wasiyya, ya kuma rubuta wa Umarun Dallaje Usulus Siyasa. Al'adar tana da tushe, domin tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Maghili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa irin wannan nasiha. Abin lura shi ne Dallaje da kansa ya nema. Sarki mai tuta da runduna ya yarda cewa akwai abin da bai sani ba na mulki, ya tambayi wanda ya fi shi sani.

Bello ya tsara amsarsa kan asasai bakwai, dukkansu masu komawa ga adalci. Na farko-farkon sun shafi halin shugaba: ya zama mai taƙawa, wanda bai yi kwaɗayin mulki ba, mai sauƙin hali da afuwa da kyauta da jarunta. Sannan ya juya ga na kusa da shi, cewa ya lizimci malamai na ƙwarai yana shawara da su, ya kuma sa ido kan ma'aikatansa, domin zaluncin wakili a kan wanda ya naɗa shi yake komawa. Masu nazari sukan daɗe a kan waɗannan, wataƙila saboda sun fi kama da abin da aka saba ji a wa'azi.

Asasi na shida kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. A nan Bello ya ɗora wa sarki alhakin maslahar duniyar talakawansa filla-filla. Ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya tabbata kowane gari yana da rabonsa daga cikinsu. Ya zaburar da mutane kan noma da tanadin abinci, ya raya birane da ƙauyuka, ya gina ganuwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Wannan ma'auni ne da talaka zai iya gani da idonsa. Taƙawar sarki tana tsakaninsa da Ubangijinsa, amma kasuwar da ta daina ci da rumbun da ya zama fanko ba su ɓuya.

Tarihin gidan Dallaje ya nuna cewa littafi ba ya gadar da hali. Umaru ya rasu a 1835, ɗansa Siddiku ya gaje shi. A farkon shekarun 1840 mutanen ƙasar Ruma suka yi tawaye da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Siddiku ya murƙushe tawayen, amma ta hanyar da ta mayar da garuruwa masu yawa kufai, ƙasar da take cike da mutane ta koma daji. A fagen yaƙi ya yi nasara, a ma'aunin Bello kuwa ya rusa abin da aka ce ya raya. A 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ɗan marubucin littafin, ya tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Tsarin yana da wanda zai iya tsawata wa sarki, kuma ya tsawata, ko da yake bayan ɓarnar ta riga ta auku.

Wannan daji shi ne ake kira Rugu a yau, kuma sunansa ba baƙo ba ne ga mutanen Sheme. Daga dazuzzukan da suka haɗa yammacin Katsina da Zamfara 'yan bindiga suke fitowa su afka wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Manoma da dama sun bar gonakinsu na nesa, wasu ƙauyukan sun watse, mutanensu sun koma Funtuwa da sauran manyan garuruwa, suna jiran ranar da hanya za ta sake biyuwa.