Sana'ar Matan Kulle a Karkarar Hausa

Sana'ar matan kulle ita ce kasuwancin da matan aure ke yi daga cikin gida, kamar matsar man gyaɗa, ƙuliƙuli, daddawa, fura da ƙosai, yara kuma su kai talla. Ribar ta mace ce, ba ta mijinta ba. Da ita take zubin adashi, gudummawar biki da tara wa 'ya kayan ɗaki.

Sai dai jari ne ke bambanta mata. Mai hali tana sayen hatsi da kaka ta ajiye har ya yi tsada, marar hali kuwa aikatau take yi mata: surfe, daka da sussuka. Masaniya 'yar Ingila Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana wannan ɓoyayyen ciniki a 1969.